Zabiya Ba Ta Fitowa Daga Uwa Kaɗai

Zuwa ga Dakta Haruna,
Shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon macizan ado a Alƙahira,
Ta hannun duk wanda ya karanta, ya kuma san ƙofar asibitin dabbobinsa a Abbasiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dabbobin da ke ƙarƙashin kulawarka. Ni ne Muntari na unguwar Faisal, wanda har makonni biyar da suka wuce yake zama a kujerar roba ta kusa da tankin ruwa a saman benenka, kowace Juma'a bayan La'asar. Na san ba ka manta ni ba, amma tunda an cire sunana daga zauren ƙungiya na waya, gara in gabatar da kaina kamar baƙo.

Ranka ya daɗe, ban so wannan magana ta fito fili ba. Na kira ka sau uku kafin in gane an toshe lambata. Na zo asibiti sau biyu aka ce ba ka nan, alhali ina jin tarinka ta bayan labule. Da na haƙura, sai ga shi zancen ya iso cikin Hausawan garin nan. Wani bawan Allah da na raka mahaifinsa ganin likitan ido ya dube ni a layi ya ce, “Malam, kai ne aka ce ka damfari masu macizai?” Tunda an yi mini shari'a a kasuwa, a kasuwa zan kare kaina. Na rubuta da Hausa domin da ita muka san juna, ni da kai. Kwafin Larabci yana zuwa ga sauran 'yan ƙungiya.

Saboda waɗanda ba su san harkar ba, bari in ɗan yi bayani. Abin da muke kiwo ana ce masa macijin madara. Ba shi da dafi, ba ya shan madara kuma, tsohon camfi ne ya liƙa masa sunan. Jikinsa zobe-zobe ne, ja da baƙi da fari. Dangi-dangi ne, kowanne da yankinsa na asali. Biyu ne suka shafe mu: Sinalowa mai faffaɗan ja da siririn baƙi, da Nalsoni wanda baƙinsa ya fi kauri. Suna kama da juna ƙwarai, suna kuma haihuwa da juna in an haɗa su. A wurin masu kiwo, zabiya, wato wanda ya fito babu baƙi ko ɗigo, idonsa ja, ta gidan Nalsoni aka san ta. Saboda haka in Sinalowa biyu suka haifi zabiya, kowa zai ce an taɓa gauraya jinin a wani wuri can baya. Abin da ya faru a ɗakina ke nan.

Hukuncin da sakatarenku, Injiniya Tamir, ya turo mini shi ne: an dakatar da ni. Idan ina son dawowa, sai in cika sharaɗi biyu kafin Juma'a mai zuwa. In saka 'ya'yan bana guda bakwai a firiza a gaban shaida har su mutu. In kuma sa hannu a takarda cewa gurɓacewar daga macen da na gada a wurin marigayi Ammu Fikri ta fito, ita kaɗai. Ga amsata, dalla-dalla.

Na ɗaya: yadda macen ta zo hannuna.

Lokacin da nake ɗalibin hadisi ina haya a Abbasiya, Ammu Fikri ne a ɗakin da ke ƙarƙashin nawa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da matarsa ta rasu. Tukunyar gas na taɓa ɗaukar masa, ya ce in shigo da ita ciki. Da na ga abin da ke cikin akwatunan gilashi, na ja Ayatul Kursiyyu ina lalubar ƙofa da baya. Tsohon ya yi dariya har ta koma masa tari, ya ce, “Ya Muntari, wallahi ta fi ka jin tsoro.” Shekara shida ina zama a ɗakin nan. Shi ya koya mini riƙe su, da ciyar da su, da gane idon da ya yi hazo don saɓa ta kusa. Wata biyu kafin rasuwarsa ya miƙo mini wata ƙarama 'yar shekara ɗaya, ya ce sunanta Warda. Ya ce, “Biyur ce, ya ibni, ka riƙe ta amana.” Biyur a bakinsu na nufin tsantsa, ba gauraye. Ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba a hannunsa, don ba ta isa ba.

Ka san abin da riƙon amanar nan ya ci mini, domin na faɗa maka. Abokan zamana biyu suka kwashe kayansu a mako guda. Na koma Faisal ni kaɗai. Ɗaliban da ke zuwa cin tuwo ranar hutu suka ɗauke ƙafa, aka ce ina aiki da aljanu. Aikina tafinta ne ga marasa lafiyan da ke zuwa daga gida: in tarbe su, in kai su wurin likita, in fassara musu labari mai daɗi ko marar daɗi, in raka su filin jirgi. Da zarar mun saba, sai su tafi. Har yau mahaifiyata a Gumel ba ta san abin da ke ɗakina ba, kifi na ce mata ina kiwo.

Na biyu: yadda namijin ya zo.

Wani sanyi Warda ta yi wata biyu ba ta ci ba, na kawo ta asibitinka hankalina a tashe. Kana duba ta na ce a ƙasan maƙoshi, “Allah ya sa ba mutuwa za ta yi ba.” Ka ɗago kai ka ce da Hausa, “Ba ciwo ba ne, ya zol, bawan Allah, sanyi ne. Ita ma ta san lokacin hutu.” Na kusa faɗuwa daga kan kujera. Ranar ka ba ni labarin kakanninka da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka tsaya a Sudan suka zama 'yan can. Ka rufe asibiti ka hau da ni sama, ka gabatar da ni ga mutum goma sha wani abu, ka ce musu, “Wannan ƙanena ne.” Daga ranar, shekara huɗu cur, babu Juma'ar da ban shiga ƙaramar bas na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na canja a Ataba na sauka Abbasiya ba. Ba zan ɓoye maka ba, sauran kwana shidan mako jiran Juma'ar nake yi.

Kai da bakinka ka ce Warda ta isa haihuwa, kuma bai kamata a ɓata jinin Fikri da kowane namiji ba. Ka ba ni aron naka, Basha, bisa al'adar ƙungiya: mai namiji shi ke fara zaɓa a cikin 'ya'ya. Bara ta yi ƙwai biyar, duka suka fito ja da baƙi da fari, ba abin zargi. Ka zaɓi biyu, ka ba da su gaba da katin da ke ɗauke da hatimin asibitinka. Sauran ukun na raba wa 'yan ƙungiya kyauta, saboda murna. Bana ka sake aiko da Basha bayan sanyi ya wuce. Ta yi ƙwai bakwai. Kwana hamsin da takwas ina tsare da su a akwatin ƙyanƙyasa, in an ɗauke wuta da rana in jera kwalaben ruwa don zafi kada ya dafa su. Ranar da suka fara tsaga ɓawo ina karyawa ne, na ajiye kofin shayi na leƙa. Kai na huɗu da ya leƙo fari ne sol, idonsa kamar ɗigon zoɓo. Na shidan ma haka.

Babu wanda ya gani sai ni da Allah. Da na so, da na ɗauke biyun nan na yi shiru, na kawo muku biyar kyawawa ku tafa mini. Maimakon haka na ɗauki hoto na tura zaure kafin shayin ya huce, na rubuta: “'Yan'uwa, ga abin da ya fito, mu duba jininmu.” Jininmu na ce. Kafin Magariba ya zama jinina.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar.

Dakta, kai likitan dabbobi ne, ni tafinta. Amma a saman benenka na koyi wannan darasi, kai ne kuma malamin, da alli a jikin tankin ruwa. Ka ce zabiya ɓoyayyen gado ce. Ba ta bayyana sai ɗa ya karɓi rabo daga uwa, ya karɓi rabo daga uba. In ɗaya ne kaɗai ke ɗauke da ita, 'ya'ya za su fito da launinsu na kullum. Har ka sa muka maimaita kamar 'yan makarantar allo. To, Warda tana ɗauke da ita, na yarda, 'ya'yanta sun ba da shaida. Ina ɗaya rabon ya fito? A ɗakina babu namiji sai Basha. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

An gaya mini Injiniya Tamir ya ce a taro wataƙila na haɗa ta da wani Nalsoni a ɓoye, ko kuwa ta ajiye ruwan wani tsohon namiji a jikinta, tunda macizai kan yi haka. Tsohon namiji na wa? Ta zo mini 'yar shekara ɗaya. Ɓoyayyen Nalsoni kuwa, a ina zan ɓoye shi? Ka taɓa zuwa ɗakina, ka ga girmansa. In na shimfiɗa darduma sai na ɗaga kujera. An ce ka yi shiru a lokacin da yake wannan magana, kana juya cokali a kofi. Shirun nan ya fi maganarsa yi mini zafi.

Na san abin da ya sa ake son laifin ya tsaya a kaina da kan matacce. 'Yan'uwan Basha da 'ya'yansa suna gidaje da yawa a ƙungiyar, kowanne da kati mai cewa tsantsa. In aka yarda Basha yana ɗauke da gadon Nalsoni, katunan nan duka sun zama takardar tsire. Ya fi sauƙi a ɗora wa baƙon da ba shi da kowa, da tsohon da ba zai tashi ya yi musu ba. Na fahimci tsoron, ban yarda da hukuncin ba.

Na huɗu: laifin da nake da shi, don ban ce ba ni da ko ɗaya ba.

Shekaru na yi ana koya mini cewa ba a karɓar hadisi sai an bi silsilar maruwaita, wane daga wane daga wane, har tushe. An koya mini cewa mutum yana iya zama salihi mai gaskiya, amma ruwayarsa ta yi rauni, domin wanda ya ba shi ba a san shi ba. Kirkin mutum daban, ingancin labarinsa daban. Na ci jarrabawa a kan wannan. Amma da aka zo kan Warda, na rubuta tsantsa a katin 'ya'yanta saboda kawai ina ƙaunar wanda ya faɗa. Sau ɗaya na taɓa tambayar Ammu Fikri inda ya samo uwarta. Ya ce wurin wani ne da ya kawo daga wata kasuwar baje koli a Turai, sunansa ma ya ɓace masa. A makaranta, da an kawo mini ruwaya irin wannan, da jan biro zan ja mata layi. Ammu Fikri bai yi mini ƙarya ba, abin da aka faɗa masa ya faɗa mini. Ni ne na san ƙa'ida na ajiye ta.

Ka yi mini afuwa in ce ruwayar Basha ma haka take. Kullum ana cewa yana da takarda daga wanda ya shigo da iyayensa. Shekara huɗu ina zama a saman benen nan, ban ga wanda ya taɓa ganin takardar ba. Ban tambaya ba, domin kunyarka nake ji, kuma wa zai tambayi yayansa shaida? Ina kyautata zaton kai ma an faɗa maka ne ka yarda. Idan haka ne, kai da Fikri da ni a layi ɗaya muke, babu maƙaryaci a cikinmu, akwai dai masu saurin yarda.

Ga mutum ukun da na bai wa 'ya'yan bara, na riga na aika wa kowanne saƙo na nemi gafara, na ce ya canja kati, kada ya haɗa su da komai da sunan tsantsa. Biyu ba su amsa ba. Ɗaya ya rubuto kalma guda, “Ma'alish,” wato ba komai, sannan shi ma ya toshe ni. Ban san ko an gaya wa waɗanda ka bai wa naka biyun ba.

Na biyar: ba na faɗa da dokar tsare jini.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Muntari ya fusata ya koma yabon gauraye. Ina tare da dokar. Garin gero da na dawa in sun haɗu a ƙwarya, babu rariyar da za ta raba su. Mu a nan ba mu da dajin da za mu koma mu kamo sabo, abin da ke akwatunanmu shi ke nan gare mu. In kowa ya haɗa abin da ya ga dama, wata rana za a wayi gari da maciji mai kyau wanda ba wanda zai iya faɗin ko mene ne shi. Amma abin da ke kashe tsantsa ba ruwa biyu ba ne, ruwa biyun da aka rubuta wa tsantsa ne. Wanda aka rubuta gaskiyarsa a murfin akwati ba ya cutar da kowa, don ba wanda zai kai shi inda bai dace ba.

To dubi abin da hukuncinku ya koyar. Duk wanda ke saman benen nan ya ga abin da ya sami mutumin da ya nuna hoto. Gobe in zabiya ta leƙo daga ƙwan wani, kana jin zai tura zaure? Firiza zai buɗe shi kaɗai, ya kawo sauran ya ce tamam, komai lafiya. Gadon zai ci gaba da tafiya a ɓoye, da kati mai hatimi a bayansa. Kun kori wanda ya ga yoyo, kun bar rufin yadda yake.

Na shida: sharuɗɗanku.

Ba zan sa hannu ba. Ammu Fikri ya ciyar da ni wake da burodi a lokacin da kuɗin tallafin karatu ke makara, ya zauna a bakin gadona da na yi zazzaɓi. 'Ya'yansa sun sayar da akwatunansa kafin a yi arba'in. Abin da ya rage masa a garin nan shi ne sunan da masu kiwo ke ambata da girmamawa. Ba zan sayi kujerar roba da shi ba.

Bakwai ɗin nan kuma ba zan kashe su ba. Ba su suka haɗa iyayensu ba, ni da kai muka haɗa. Duka sun yi saɓar farko, shida sun karɓi ɗan ɓera, ɗaya daga cikin zabiyan ce har yanzu take yi mini yanga. Kowanne yana akwatinsa, a kan kowane murfi na rubuta da Larabci da Hausa: “Ruwa biyu. Uwa Warda, uba Basha. Kada a haɗa da sunan tsantsa.” Warda kuma ta gama haihuwa a hannuna. Waɗannan macizai kan kai shekara ashirin, saboda haka na san nauyin da na ɗauka.

Na kuma san abin da na rasa. Juma'a biyar ke nan ina idar da La'asar in sa takalmi, sai in tuna babu inda za ni. Ta farkon har na kai tashar Ataba, na tsaya ina kallon jiragen Abbasiya suna wucewa, na bar uku suka tafi, sannan na juyo. Ina jin kaɗaici, Dakta, ba na jin kunyar faɗa. A garin da mutane suka yi yawan da ba a samun wurin sa ƙafa, sai in yi kwana biyu ban yi magana da kowa ba in ban da mai burodi.

Buƙatuna ba su da yawa. A janye kalmar damfara daga sunana a zauren da aka furta ta. A cire sunan Ammu Fikri daga takardar nan. A faɗa wa duk mai jinin Basha gaskiya, don ya san abin da ke akwatinsa kafin sanyi mai zuwa, lokacin da za a fara shirin haɗa su. A kuma sa doka cewa wanda ya tona aibin jininsa da kansa, gode masa za a yi. Ban roƙi a mayar da ni ba. In kun ga dama ƙofa taku ce, in ba ku gani ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Saura abu ɗaya da duk kwamitinku ya manta, ko ya yi kamar ya manta. Basha yana nan wurina. An kore ni, an toshe ni, amma babu wanda ya zo karɓar namijin shugaba, domin duk wanda ya ɗauke shi sai ya yanke abin da zai rubuta a murfinsa. Yana lafiya. Ina ba shi ɓeransa duk mako, na canja masa ruwa yau da safe, satin jiya ya yi saɓa ta fita ɗungurungum ba yagewa. Amana ce, ba zan taɓa wulaƙanta shi ba.

Amma ba zan bai wa direba ba, ba zan bai wa Injiniya Tamir ba. Ka zo da kanka. Hawa na biyar ne, ka sani, kuma na'urar hawa ba ta aiki har yanzu. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ba sai ka zauna ba. Ka dubi zabiyan nan biyu da idonka na likita, ka ɗauki macijinka ka tafi. Abin da nake so kawai, in ka ƙwanƙwasa na ce wane ne, ka amsa mini da Hausa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci hannunka a kan dabbobin bayinsa, ya ba ka ƙarfin faɗin abin da ka riga ka sani. Allah ya jiƙan Ammu Fikri, ya haskaka kabarinsa.

Wassalam.

Wanda ka taɓa kira ƙanenka,
Muntari,
Faisal.